Yatsu Huɗu a Hauren Bak Lom

Ranar da aka tsinci toron giwar gidan Wer a hayin tafki, Drang yana cikin waɗanda suka fara isa. Ba sauri ne da shi ba, shekarunsa sittin da bakwai, kwalekwalensa ne dai ya fi na kowa kusa da mashiga. Toron yana kwance a gefen hagu, doguwar sarƙar da ake ɗaure shi da ita in an kai shi kiwo daji tana nan a ƙafarsa, ko kwance ta ba su yi ba. Ramin harsashi ɗaya a bayan kunne. Sauran jiki lafiya lau, sai fuska. Daga ido zuwa ƙasa babu komai, jan rami ne kawai, ƙudaje sun riga kowa zuwa.

Mata suna kuka. Wer yana zaune a ƙasa ya rungume ƙafar dabbar kamar wanda ya kama turken gida. Drang kuwa ya tsuguna yana duba aikin. Injin yankan katako suka sa, kuma wanda ya riƙe injin bai iya ba, sau biyu hannunsa ya karkace. Abin da ya fara zo masa a rai ke nan. Ya jira ko wani abu zai biyo baya, baƙin ciki ko fushi, bai zo ba. Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa.

Shekara arba'in ke nan yana rage wa giwaye haure a duk ƙauyukan bakin tafkin nan. Wannan toron ma shi ya rage masa bara, don gudun irin wannan ranar. Awon aikin ba ɓoyayye ba ne. Ka ɗora igiya daga gefen ido zuwa inda haure ya fito daga leɓe, sai ka ɗauki wannan tsawon ka shimfiɗa a kan hauren. Abin da ya wuce nan matacce ne kamar farce, yanke abinka. Abin da ke ciki kuwa akwai ɓargo da jijiya, rai ne. Ya bi awon daidai, ko ɗigon jini bai fita ba, ya bar wa toron guntu mai tsawon tafin hannu biyu. To saboda wannan guntun, da sauran da ke ɓoye a cikin ƙashin fuska, aka kashe shi.

Da ya koma gida ya hau tsani, don gidajen nan a kan dogayen turaku suke, ya zauna a bakin murhu, ya fasa gorar da aka dafa shinkafa a cikinta ya ci, ya fasa ta biyu. Matarsa H'Juel, wadda kowa ke kira Juel, tana gefe tana tsinke barkono. Gidan nata ne, gonar kofi tata ce, giwar gidan ma tata ce, don a nan ta wajen mata abu yake bi. Shi da zartonsa da wuƙarsa ya shigo gidan. Toron giwar kuwa, Bak Lom, ya riga shi shigowa da nisa. Juel tana 'yar shekara tara mahaifinta ya kamo shi yana ɗan ƙarami, aka buɗe tulun giya aka raɗa masa suna, aka lissafa shi cikin 'ya'yan gida. Ita tana ce masa ƙanenta. Nuat, ƙanenta na jini, da aka haifa bayan shekara biyu, dole Yaya yake ce masa, har yau da furfura ta cika masa kai.

Nuat ɗin ne ya hau tsani yana haki.

"Mijin Yaya, an ce daga wurin gawa ka dawo ka share gora biyu. Kai dai lokacin da ake raba zuciya kana can kana wasa zarto."

"Yunwa nake ji."

"Ka ga fuskar?"

"Na ga inda take a da."

Juel ta ture faifan barkonon gefe, ta dubi mijinta. "Baban Rin, jibi za ka rage wa ƙanena haure."

"Na gidan Wer ma ai na rage masa."

"To me kake so in yi? In naɗe shi in sa a kwando in rufe? Abin da yake ci a yini ko amalanke biyu ba ta ɗauka. Dole ya kwana a daji."

"Ni zan riƙa kwana da shi," in ji Nuat.

"Kai da kake barci a bakin tulun giya har kare ya lashe maka baki?" ta ce. "Sai su kwashe hauren su haɗa da takalminka. Jibi, Baban Rin."

Da la'asar Drang ya sauka ya zauna a kan turmi yana kallon Bak Lom a gindin tsamiya. Haure ɗaya ne da shi, na dama, dogo mai lanƙwasa, har ya fara ja-ja don tsufa. Masu yawon buɗe ido suna son hoto da shi, shi ya sa aka bar masa shi yana ta tsawo shekara da shekaru. In ya gaji yakan ɗauki hancinsa ya rataya a kai, kamar yadda mutum ke rataya riga a ƙusa. Na hagu kuwa ya karye tun zamanin jan gungume, can ciki ya karye, ya ruɓe shekara guda, har aka fid da rai, sannan ya tashi. Abin da ya rage kututture ne baƙi, duk tsaga.

Kwana goma da suka wuce wani Khiem, mai sayen kofi daga birni, ya ajiye babur ɗinsa a nan ya daɗe bai tambayi kofi ba. Ya ɗauki hoto da waya. Ya ƙwanƙwasa hauren dama da bayan yatsa, ya kasa kunne. Sannan ya leƙa na hagun ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan kam ko kyauta. In ruɓa ta shiga, har saiwa take bi." Da dariya ya faɗa, Drang ma ya taya shi dariyar.

Maganar ce ta dawo masa a kan turmin. Bai ji kamar yana yanke wata shawara ba. Ya dai ga kansa ya hau gida, ya taka buhun shinkafa, ya miƙa hannu cikin jinka inda hayaƙi ya baƙanta, ya sauko da wani ɗan ƙunshin ganye. A ciki akwai igiyar awon Bak Lom.

Kowace giwa mai haure tana da tata igiyar. Wanda ya fara rage mata shi ke ƙulla ta, ƙulli biyu, ɗaya na ido ɗaya na leɓe, a ajiye a gida. Ta Bak Lom surukin Drang ne ya ƙulla, marigayi mahaifin su Juel, lokacin toron yana saurayi, shekara talatin ke nan. Duk mai sana'ar ya san ana fito da tsohuwar igiya ne don girmamawa, a taɓa ta a goshin dabba, sannan a yi sabon awo, don fuskar giwa ba ta daina girma. Amma masu sana'ar sun ƙare, saura shi kaɗai. Ya sa igiyar a aljihu, ya je kamar zai cire wa Bak Lom kaska, ya gwada ta a fuskarsa. Ta gaza da yatsu huɗu.

Yatsu huɗu cikin rai. Ruɓa za ta shiga, babu makawa, ruɓaɓɓen haure kuwa ba mai kashe giwa a kansa. Wancan karon toron yana da ƙuruciya ya tashi, yanzu ya haura hamsin. Kuma ba magana ce da za a yi da kowa ba. Wanda ya zub da jinin giwar gida da gangan, bauna zai yanka, ya kuma sauka daga gidan matarsa da abin da ya hau da shi. Ba wannan ne ya dame shi ba, zarto da wuƙa ba su da nauyi. Juel ce ba za ta yarda ba, sai ta kira wani ya yi awon daidai, a bar guntu fari tas mai tsawon tafin hannu biyu, irin na gidan Wer.

Ranar yanka da hantsi aka ɗaure tulun giyar shinkafa a turke, aka zura masa bututun gora. Rabin ƙauye sun zo, har da mutum biyu na gandun daji da za su tafi da hauren a gaban kowa, don a san babu komai a gidan. Nuat ne namijin dangi, shi ke roƙo. Ya yanka zakara ya shafa jinin a hauren, ya zuba shinkafa a kan toron.

"Yaya, ba raini ba ne," ya ce da ƙarfi, kamar mai magana da tsohon da kunnensa ya yi nauyi. "Ka ji abin da aka yi a hayi. Abin nan naka ya zama abin da ake kashe mutum a kansa. Ka yi haƙuri ka ba mu. Kyau kam ka sha shi, duk 'yan matan dajin nan sun shaida. In ka yarda ga rake."

Bak Lom ya miƙa hanci ya karɓi raken ya sa a baki. Aka ce ya yarda. Ba a taɓa ganin ranar da ya ƙi rake ba, amma haka ake yi.

Aka durƙusar da shi, aka ɗaure ƙafafun, Nuat ya hau wuya ya rufe masa ido da zane. Drang ya fito da igiyar. Tsofaffi suka gane ta, wata ta ce, "Kai, hannun marigayi!" Ya taɓa ta a goshin toron, ya ɗora ƙullin farko a bakin leɓe, ya shimfiɗa, ya ja layi da gawayi a ƙulli na biyu.

Nuat ya leƙo daga sama. "Mijin Yaya, ba ka matsa ciki da yawa ba? Na gidan Wer kamar ya fi haka."

"Igiyar wa ce wannan?"

"Ta Baba."

"To sauko ka gaya wa mutane babanku bai iya awo ba. Ga su nan, kowa na ji."

Aka yi dariya. Nuat ya ce, "Ni na isa? Ya biyo ni cikin mafarki da sandar nan tasa? Yanka abinka."

Juel ce ke zuba ruwa a kan zarton. Garin ya fara zuba fari kamar na shinkafa. Drang yana ja yana turawa, yana jin yadda haƙoran zarto ke ci. Bak Lom yana ta taunar rake. Da aka kusa tsakiya sai zarton ya yi laushi a hannu, kamar ya bar itace ya shiga kabewa. Ruwan da ke gangarowa ya koma ruwan hoda. Sai toron ya yi wata ƙara da ba daga baki ta fito ba, daga ciki ta fito, har ruwan tulu ya yi motsi. Jikinsa duka ya ɗauki rawa.

"Tsaya! Kai, tsaya!" Nuat yana ihu yana riƙe da kunne.

"In na tsaya a rabi ya fi muni. Zuba ruwa, Uwar Rin."

Ta zuba. Bai kalli fuskarta ba. Ya gama, hauren ya faɗi a kan tabarmar da aka shimfiɗa masa. A tsakiyar kututturen akwai rami kamar faɗin babban yatsa, jini yana bulbulowa. Ya toshe da auduga da ƙaro kamar yadda ake yi, ya wanke zartonsa, ya shafa masa mai. Mutanen gandun daji suka naɗe hauren a buhu suka tafi. 'Yan ƙauye suka watse ba wanda ya sake taɓa bututun giyar. Wasu na cewa marigayi ne ya yi fushi an daɗe ba a kai masa komai ba, wasu na cewa zakaran ne bai kai ba. Ba wanda ya ce Drang. Ai a gaban kowa ya bi igiya.

Kwana huɗu fuskar ta kumbura har idon dama ya rufe. Wata likitar dabbobi ta zo daga birni ta yi allurai, ta cire audugar, ta kau da kai.

"Baba, wa ya yi wannan awon?"

"Ya mutu."

Ta dube shi, ta dubi ramin, ta bar maganar. Ta ba shi babban sirinji ta ce ruwan gishiri dafaffe, safe da yamma, kada a fasa ko sau ɗaya. Ya tambaye ta ko zai tashi. Ta ce wasu suna tashi.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Ya dafa ruwa, ya bari ya huce, ya sauka da bokiti, ya ɗura, mugunya ta fito, ya sake ɗurawa. Bak Lom ya daina ci. Aka kawo ayaba, aka kawo rake, aka dama tsamiya da gishiri, ko sansanawa bai yi ba. Fatar ta saki ta rataya a ƙashi kamar rigar aro. Yana tsaye ya jingina goshi da tsamiyar, yini guda. Warin ya cika gidan, ya shiga shinkafa, ya kai har bakin titi. Motocin masu yawon buɗe ido suka koma wani gida. Nuat ya daina tsokana, kullum yana zaune nesa kaɗan yana cewa, "Yaya, ko loma ɗaya." Drang kuwa yana cin abincinsa, yana barcinsa. Da ma ya hana shi barci, da ya fi masa.

A kwana na tara Khiem ya zo. Bai kashe babur ba. Ya tsaya daga bakin shinge ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, ya daɗe yana kallon kututturen da ya fara baƙi daga tsakiya.

"Kai, tsoho, kun yi asara. Abu kamar wannan!"

"Kofi ka zo saya?"

"Bana ba na saye," ya ce, ya juya.

A ranar, da rana tsaka, Drang ya sauko da bokiti ya tarar da Juel a gaban toron, ta taka kujera. Igiyar tana hannunta. Ya mayar da ita cikin jinka tun ranar, ashe ta sauko da ita. A ɓangaren hagu take gwadawa, inda babu kumburi. Ƙulli ɗaya a gefen ido, ɗayan yana lilo bai kai leɓe ba. Ta sa yatsunta a wurin da ya rage. Huɗu cif.

Ta sauko a hankali, don gwiwarta ba ta da kyau.

"Ashe Baba bai iya awo ba."

"Ya iya. Fuskar ce ta girma."

"Ka sani."

"Na sani."

"Ka sa ni na zuba maka ruwa."

Ya ajiye bokitin. Ta ga Khiem da safe, ta ji abin da ya ce. Ta naɗe igiyar a yatsu biyu ta soke a ƙugun zaninta.

"In ƙanena ya mutu zan kira Nuat da dattawa in nuna musu wannan."

"To."

"Ba za ka tambaye ni in ya tashi ba?"

"In ya tashi fa?"

"Ban sani ba," ta ce. "Ruwanka zai yi sanyi da yawa."

A kwana na goma sha uku Bak Lom ya ɗauki ayaba ɗaya ya daɗe yana juya ta, sannan ya sa a baki. Washegari ya ci biyar. Kumburin ya sauka a cikin wata guda, idon ya buɗe, amma mugunyar ba ta tsaya ba, likitar ta ce wataƙila ba za ta taɓa tsayawa gaba ɗaya ba. Kututturen ya yi baƙi ya tsage gida uku, ya zama ɗan'uwan na hagu. Da ciyawar da ake yankowa ta daina isarsa, ba yadda za a yi, aka mayar da shi daji da sarƙarsa, a bayan tudu inda gora ta yi yawa.

Sati uku Drang yana zuwa da sassafe yana tarar da shi tsaye. Wata safiya, an yi ɗan yayyafi ƙasa ta yi laushi, ya ga sawu tun daga bakin rafi. Takalman roba, mutum uku. Ɗayan sawunsa ya fi nutsewa, yana ɗauke da abu mai nauyi. Drang ya bi sawun da tafiyarsa ta kullum. Sun zo har inda sarƙar ta ƙare. Ga inda aka ajiye abin mai nauyi, har da ɗigon baƙin mai a kan ganye. Ga guntun sigari biyu. Mutum ɗaya ya matsa gaba kusa, ya zaga dama, ya zaga hagu. Sannan sawun duka suka juya suka koma ta inda suka fito.

Bak Lom yana can yana taka gora da ƙafa yana fasa ta, tunda babu abin da zai ɓare ta da shi. Ya ga Drang, bai zo ba, bai kuma matsa ba. Tun ranar yanka haka suke, yakan tsaya a wanke masa, amma ya daina miƙo ƙafa a hau. Ya gama taunar, ya ɗaga hancinsa zai rataya a inda ya saba, hancin ya wuce ta cikin iska ya faɗo. Ya sake ɗagawa, ya sake faɗowa. Sai ya bar shi yana lilo.

Drang ya tsuguna ya ɗauki guntun sigarin ya duba. Irin na birni ne. Ya ɗan jira a tsugune, kamar yadda ya jira a hayin tafki, ko wani abu zai zo masa. Ya ji ƙafarsa ta fara sagewa, ya miƙe, ya kwance sarƙar, suka kamo hanyar gida, toron a gaba shi a baya.

Juel tana bakin murhu da tukunyar ruwan gishiri.

"Sun zo," ya ce. "Su uku, da inji. Sun duba sun tafi."

Ta sauke tukunyar. Sannan ta zaro igiyar daga ƙugunta, inda take tun ranar nan, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"Mayar da ita inda Baba ya ajiye. Ni hannuna ba ya kaiwa sai na taka buhu, gwiwata kuma ciwo take."

Ya taka buhun ya mayar. Da ya sauko ta riga ta juye ruwan a bokiti, ta tsoma gwiwar hannu ta ji zafinsa. Ya ɗauki sirinjin, ya ɗauki bokitin, ya sauka tsani.